Baƙin shayi mai hayaƙi: lalacewa ya yi ko haka ɗanɗanonsa yake?

Maman Sadiq

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana shayi. Akwai wani baƙin shayi na ƙasar Sin a gwangwani, an rubuta Lapsang Souchong a jikinsa. Ganyen dogaye ne baƙaƙe a murɗe, ba gari ba ne irin na 'yar jaka. Da an buɗe murfin sai hayaƙi ya cika ɗaki kamar an shigo da kifin banda. In aka dafa shi yadda muka saba, cokali biyu a ƙaramar tukunya da citta da kanumfari, ya tafasa kamar minti goma, sai ya fito da ɗaci da bauri, ga wani ƙauri da ke maƙalewa a maƙogwaro ko an kora da ruwa. Shin lalacewa ya yi? In kuma haka aka yi shi, yaya ake haɗa shi ya shawu? Yana karɓar madara da sukari kuwa?

Sarkin Buta

Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Shayinki lafiyarsa ƙalau. Hayaƙin da gangan aka shigar da shi ganyen, shi ne ma abin da aka biya kuɗi a kai. Ɗacin da ƙaurin kuwa tukunya ce ta jawo su.

Asalinsa duwatsun Wuyi ne a lardin Fujiyan, kudu maso gabashin Sin, musamman ƙauyen Tongmu da ke can cikin tsaunuka. Su can Zhengshan Xiaozhong suke ce masa, kuma abin da muke kira baƙin shayi su jan shayi suke kiransa, don launin ruwan suke dubawa ba na ganyen ba. Lokacin tsinkar ganye wurin hazo ne da ruwan sama, rana ba ta isa ta yi shanya, sai da wuta. Suna da gini na katako mai hawa uku ko huɗu. A ƙasa ake hura wutar itacen fayin, wata bishiya mai ganye kamar allurai wadda itacenta ke cike da ƙaro, daɓen kowane hawa kuma saƙar gora ce da hayaƙi ke ratsawa ya hau. A hawan sama ake baza ɗanyen ganye ya yi laushi. Daga nan a murza shi, a tara a kwanduna a lulluɓe da ƙyalle har ya juye daga kore zuwa launin tagulla, a watsa shi a kasko mai tsananin zafi na minti biyu ko uku don juyewar ta tsaya, a sake murzawa, sannan a jera shi a faifan gora ya sha hayaƙi awa 8 zuwa 12 har ya bushe. Sau biyu ke nan yake gamuwa da hayaƙi, yana ɗanye da kuma wajen busarwa. Kin yi daidai da kika tuna kifi, banda ce sosai, sai dai ta ganye.

To, wannan ganyen ba a dafa shi, jiƙa shi ake yi. Tafasar minti goma ɓarna biyu take yi a lokaci guda. Ƙamshin mai daɗi, na ƙaro da zaƙi-zaƙi, ba shi da nauyi, shi yake fara bin tururi ya gudu. Abin da ya rage a ruwa shi ne mai nauyin, mai kama da kwalta, ga baurin ganyen da dogon zafi ya tatso kaf.

Ma'auninsa giram 5 na ganye ga ruwa rabin lita, wato ledar ruwa guda. In kofi ɗaya ne, giram 2 da rabi ga rabin leda. Cokali yana ruɗi a nan, don ganyen dogo ne ba ya kwanciya. Ƙaramin cokali da ya yi tozo bai cika wuce giram 2 ba, sai ki ƙaddara cokali uku ga leda guda. In akwai ƙaramin sikeli irin na masu gwal, ya fi.

Ki tafasa ruwan shi kaɗai, ki sauke, ki bar shi a buɗe minti ɗaya zuwa biyu ya sauko wajen digiri 90 zuwa 95. Kafin nan ki ɗauraye butar da za ki jiƙa a ciki da ruwan zafi, buta mai sanyi nan take take kwashe zafin ruwa. Ki zuba ganye, ki zuba ruwa, ki rufe. Minti 3, da agogo ba da ƙiyasi ba. Sai ki tace duka a wani mazubi. Kar ki bar ko kurɓi ɗaya a kan ganyen, abin da aka bari shi zai ci gaba da jiƙuwa ya ɓata zagaye na gaba. Ganyen nan dai ake sake zuba wa ruwa: zagaye na biyu minti 4, na uku minti 5 ko 6 da ruwan da aka sauke yanzu-yanzu. Mutane da yawa sun fi son na biyu, lokacin hayaƙi ya lafa zaƙi ya samu hanya.

In a minti 3 ya yi miki ƙarfi, lokaci za ki rage zuwa 2, ba ganye ba. Rage ganye ruwan hayaƙi kawai yake bayarwa, lami salam. Citta da kanumfari kuma ki ajiye su tukuna.

Uwar Biyu

Sannu Maman Sadiq. Malam ya gama maganar haɗi, ni ta wajen ɗanɗano zan shiga, domin wanda ya kwankwaɗi shayin nan da zafinsa kamar na teburin mai shayi, hayaƙi kaɗai zai ji.

Da hanci ake farawa. Ki ɗumama kofi da ruwan zafi ki zubar, ki jefa busasshen ganyen ciki ki rufe da faranti kamar daƙiƙa 20, sannan ki buɗe ki shinshina. Mai kyau zai ba ki ƙamshin itace mai ƙaro, da wani zaƙi a ƙarƙashi. 'Yan Sin da busasshen wani ɗan itace nasu mai suna longan suke kwatanta zaƙin, a abin da muka sani kuwa busasshen dabino ko zabibi ne mafi kusa. Mara kyau warin toka zai ba ki, ko ƙonanniyar taya, ko kalanzir.

Bayan kin tace, ki duba launi a farin kofin tangaran ko na gilashi. Ja ne garai-garai mai karkata zuwa ruwan zuma, ana hango gindin kofin. Kar ki sha nan take. Ki bari ya huce har ki iya rungume kofin da tafin hannu ba ki sake shi ba, wajen digiri 60 ke nan. Harshen da zafi ya dama ba ya bambance komai. Ki kurɓi kaɗan, ki zuƙo shi da iska har ya yi ƙara (a gaban surukai dai a sassauta), ki juya shi a baki, ki haɗiye, sannan ki rufe baki ki fitar da numfashi ta hanci. A wannan numfashin ake jin rabin ɗanɗanon. Sai ki dakata kamar rabin minti kafin kurɓi na gaba. Abin da ake nema a jere yake zuwa: hayaƙi da fari, sai gardi da zaƙi a tsakiyar harshe, sai ɗan sanyi-sanyin ƙaro a maƙogwaro. Bai kamata ya kankari maƙogwaro ba. Maƙaƙi yana nuna ko an wuce lokaci, ko ganyen ba babba ba ne a daraja.

In kofin ya ƙare ya huce, ki sake shinshina shi. Mai kyau yana barin ƙamshi kamar na zuma ko narkakken sukari. Mara kyau yana barin warin murhun da aka kashe da ruwa.

Sannan ki sani, ba duk gwangwanin da aka rubuta wa Lapsang ne ya fito daga Tongmu ba, mafi yawa ma ba daga can suke ba. Yankin ƙarami ne, tun 1979 gandu ne da gwamnati ta killace, a 1999 kuma UNESCO ta sa duwatsun Wuyi cikin wuraren gado na duniya. Ba a sarar itace a ciki yadda aka ga dama, don haka na asalin kaɗan ne kuma da tsada. Abin da ya cika kasuwar waje baƙin shayi ne da aka riga aka gama a wani wuri, galibi manyan ganyaye na ƙasan reshe, sannan aka turara shi da hayaƙi mai kauri daga baya. Ba jabu ba ne, shayi ne na shan yau da kullum, sai dai hayaƙinsa a fatar ganye ya tsaya. Na Taiwan ya yi suna wajen kaurin hayaƙi. Akwai kuma na ƙasa da wannan, wanda aka fesa wa ruwan sinadarin hayaƙi, jerin kayan haɗi a jikin kwali zai nuna an ƙara ƙamshi.

Zagaye na uku ne ke raba su. Wanda hayaƙi ya shiga tun yana ɗanye yana sakin ƙamshinsa a hankali har zagaye na huɗu, zaƙi na ƙaruwa. Wanda aka turara daga baya zai buge ki a na farko, ya faɗi a na biyu, na uku kuwa ruwan ɗumi ne mai launi. In naki wannan ne, ki riƙa ɗauraye shi: ruwan zafi ya rufe ganyen, ki ƙirga biyar, ki zubar, sannan ki fara lissafin minti ukun.

Ga mai yin oda ta intanet kuma, a karanta da kyau. Tun da aka fito da Jin Jun Mei a Tongmu a 2005, wanda tohon ganye ne zalla ba hayaƙi, masu yin shayin yankin da yawa suka koma yin marar hayaƙi, kuma da sunan Zhengshan Xiaozhong ɗin suke sayar da shi. Mutum na iya biyan kuɗin hayaƙi a kawo masa mai ƙamshin fure.

Maman Sadiq

Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah ya ƙara sani. Da minti uku ɗacin ya tafi, zaƙin dabinon ma ya fito a zagaye na biyu. Saura abu biyu: wata yana mai sheƙi tana tasowa a saman kofin kamar an ɗiga mai, sannan fulas ɗin da aka zuba shi ya ƙi rabuwa da warin ko an wanke da sabulu. Maganar madara ma har yanzu ina jira.

Malam Na-Jos

Hajiya, yanar nan ba daga hayaƙi take ba, daga ruwa take. Ruwan burtsatse ko na rijiya mai yawan sinadarin kalsiyam, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta kuma sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa, shi ke haɗuwa da sinadaran ganyen su yi wannan yana. Ba ta cutarwa, amma irin wannan ruwa yana dushe launi ya danne zaƙi, sai hayaƙin ya fito tsirara. Gwajin mai sauƙi ne: ganye ɗaya, lokaci ɗaya, kofi guda da ruwan gida, guda da ruwan roba. In na biyun ya fito garai, kin gano ɓarawon. Ɗigo biyu na lemun tsami ma suna hana yanar, sai dai ba a haɗa su da madara.

Ruwan famfo nasa laifin daban ne, kuma a wannan shayin ya fi muni. Ƙamshin hayaƙi daga wasu sinadarai yake da ake kira dangin fenol, babbansu gwayakol, su ne dai a kifin banda. Idan suka gamu da kulorin da ake zuba wa ruwan famfo sai su ba da warin asibiti, ko da kulorin ɗan kaɗan ne. A tari ruwan a bar shi a buɗe ya kwana, ko a bar shi ya tafasa minti biyu zuwa uku ba murfi. Kanumfari ma labarin ke nan: man da ke cikinsa, yujinol, ɗan gidan gwayakol ne. In aka haɗa su ba sa taimakon juna, taruwa suke su koma warin ɗakin likitan haƙori. Citta 'yar yanka ɗaya tana shiga, busasshen ɓawon lemun zaƙi ya fi ta shiga.

Ƙarin bayani kan zafin ruwa: jiran minti biyun da Sarkin Buta ya faɗa na mutanen ƙasa-ƙasa ne. A Jos, da tsayinta ya kai wajen mita 1,200, ruwa a kusan digiri 96 yake tafasa, ana saukewa sai zubawa.

Fulas kuwa, ba gilashin ko ƙarfen ciki ne ya riƙe warin ba, murfin roba ne da zoben da ke bakinsa. Roba tana shan waɗannan sinadarai, sabulu kuma ba ya kai musu. Ki cire zoben, ki jiƙa shi da murfin a ruwan zafi da babban cokali ɗaya na bekin soda su kwana, ki ɗauraye, ki shanya a rana wuni guda. Wani lokaci sai an maimaita. Daga yanzu ruwan zafi zalla za ki riƙa ajiyewa a fulas, ki haɗa shayin kofi-kofi. Matacin roba da butar ƙasa marar shafe su ma haka suke kamawa. Tangaran, gilashi da ƙarfe marar tsatsa ne ba sa riƙo.

Wajen ajiya matsalar ta kowane ɓangare ce: yana ba maƙwabtansa wari, yana kuma ɗaukar nasu. Gwangwani mai rufuwa ruf, nesa da sauran ganyen shayi, nesa da daddawa da yaji da sabulu, kuma ba a ɗakin da ake turaren wuta ba. Kar a sa a firji, da wuta ta ɗauke ta dawo raɓa za ta sauka a ganyen, danshi kuma shi ke kawo fumfuna. In hayaƙin ya yi yawa, a ɗebi na mako guda a baza a faranti a rufe da ƙyalle marar kauri kwana ɗaya ko biyu, da rani ba da damina ba. Ko a manta da gwangwanin shekara guda, hayaƙin da kansa yake laushi, shi ya sa wasu ba sa shan na bana.

Ta fuskar lafiya, duk abin da aka yi wa banda, nama ne ko kifi ko ganye, hayaƙi na barin wasu sinadarai a kansa da ba a so su yi yawa a jiki. Ba sa narkewa a ruwa sosai, maiƙo suke bi, don haka in jiƙawa aka yi mafi yawansu a ganyen suke zama a zubar da su. Wannan dalili ne na biyu na kada a tafasa ganyen, balle a cikin madara. Maganar da ake yaɗawa cewa ba ya hana barci kuma ba gaskiya ba ce, akwai kafeyin a cikinsa kamar kowane baƙin shayi. Mai ƙarancin jini ta bar tazarar awa guda tsakaninsa da abinci, domin shayi na rage shigar sinadarin ƙarfe daga abinci zuwa jiki.

Ɗan Agadas

Hajiya, ga amsar madara. Yana karɓa, amma ba kowanne ba. In na Tongmu ne mai tsada, zuba masa madara asara ce, zaƙin da aka saya shi ne farkon abin da za ta rufe. In mai kaurin hayaƙin ne, madara gyara shi take, tana kwantar da kaifin.

Sai dai shi kaɗai ba shi da jikin da zai ɗauki madara, ruwa-ruwa yake fitowa. A gauraya: kashi ɗaya nasa, kashi uku na baƙin shayi mai ƙarfi, na Kenya ko na Asam ko na Mambila. Giram 3 na gaurayen ga mililita 200, minti 4, a tace, sannan a zuba madarar ruwa babban cokali ɗaya ko biyu. In ta gari ce a dama ta daban da ruwan ɗumi tukuna. Mai 'yar jaka ma zai iya: jaka ɗaya da ɗan tsunkule na ganyen hayaƙi a kofi. Sukari rabin ƙaramin cokali ya isa ya ɗago zaƙin, cokali uku irin na mai shayi kuwa sai ya zama kamar alewar da ta faɗa murhu.

Wannan gauraye ba sabon abu ba ne. A Turai ana sayar da wani haɗi da sunan ayarin Rasha, galibi Keemun ne (wani baƙin shayi na Sin) da ulon (shayin da ke tsakanin kore da baƙi) da ɗan Lapsang. Ayarin gaskiya ne, bayan yarjejeniyar Kiyakta ta 1727 shayi ya riƙa bi ta hamadar Gobi a bayan raƙuma zuwa iyakar Rasha, daga can ya ratsa Saiberiya. Cewa wutar zango ce ta turara shi a hanya kuwa, zancen 'yan talla ne.

Ga masu shayin gawayi irin namu na zagaye uku: kar a musanya koren ganye da wannan. Namu an gina shi a kan doguwar tafasa da sukari mai yawa da ɗaga buta sama don kumfa, ukun nan kowanne kishiyar wannan ganye ne. Na'a-na'a ma faɗa suke yi. Mai son alamar hayaƙi ya jira zagaye na uku, ya sauke buta daga wuta, ya jefa tsunkule ɗaya, ya rufe minti guda.

Abin ci kuma, mutane kan ɗauka kilishi ko tsire ne abokinsa tunda duk wuta ce. A'a. Yaji yana kashe harshe, hayaƙi a kan hayaƙi kuma ɓacewa yake, sai a ji kamar ruwan zafi ake sha. Abu mai maiƙo ko gishiri-gishiri ko zaƙi marar yawa ya fi: cuku, soyayyen ƙwai, masa da man shanu, soyayyar gyaɗa, alkaki. Dabino ya fi duka, a gutsira a kurɓa, ba sai an sa sukari ba.

Lokacin zafi a gwada na sanyi: giram 10 a lita guda ta ruwan sanyi, awa 6 zuwa 8 a firji cikin kwalba mai murfi, a tace. Bauri kusan ba ya fitowa a ruwan sanyi. A shanye shi cikin kwana guda.

Sarkin Buta

Hajiya Uwar Biyu, a maganar ɗauraya na yarda da ke rabi. Ga mai kaurin hayaƙi daidai ne. Amma tunda Maman Sadiq ta ji dabino a zagaye na biyu, alama ce ganyenta ba na ƙasa ba ne, kuma ɗauraya za ta tafi da wani abu mai daɗi. Gara ta gwada shi irin na 'yan Fujiyan kafin ta yanke hukunci: giram 5 a ɗan mazubi mai cin mililita 100 kacal, ruwa digiri 95, daƙiƙa 10 a tace, na biyu 10, na uku 15, daga nan a riƙa ƙara 10 kowane zagaye. Ki jera ƙananan kofuna ki zuba kowane zagaye a nasa, ki bi su da ɗanɗano daga na farko zuwa na ƙarshe. In ya kai na shida da sauran zaƙi, ki hana shi madara. In ya mutu a na uku, ki miƙa shi ga haɗin Ɗan Agadas.